Saƙar gizo-gizo da robar fiya-fiya

Wata takwas cur ɗakin Gwaggo ya yi a garƙame a Karakkai. Abin da ya tashi gidaje da yawa a wannan yanki namu na Bungudu da Gusau da Tsafe shi ya tashe ta: rashin tsaro. Muka ɗauko ta muka kawo ta Gusau, ta zauna a wurina tana ƙirga kwanaki, kullum zancenta kajin da ta bar wa maƙwabta da tukwanenta. Da aka yi girbi, hankali ya ɗan kwanta, sai ta kafe a kan lallai sai gida. Ni na raka ta, ni kuma na murɗa makullin.

Ina tura ƙyauren, saƙar gizo-gizo ce ta fara yi mini maraba, ta lulluɓe mini fuska har cikin gemu. Daga azara ta sauko kan gadon ƙarfe, daga gadon ta tsallaka zuwa jeren kwalla da langa da Gwaggo ke ji da su tun na aurenta, ta naɗe igiyar rataye tufafi, ta toshe 'yar tagar da ke kallon gabas. Ƙurar farkon hunturu ta hau kanta ta yi kauri, ka ce tsummoki aka shanya. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta ce, "Wanga ɗakina na, ko kango?" Kafin mu gama salati, wata maƙwabciya ta ce a kira yaron nan mai feshi, yanzu-yanzu zai gama da su.

Yaron ya zo da tankin goyo, irin wanda ake feshin ciyawa da shi a gona, ga wata robar lemo a aljihunsa cike da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, babu takarda a jikinta balle suna. Silifa ce a ƙafarsa, hancinsa a buɗe, hannunsa babu safa. Ya tsiyaya maganin da ido, ya ƙara ruwa, ya girgiza. Na ce, "Samari, mene ne sunan maganin nan?" Ya ce, "Malam, mai ƙarfi na. Ko kunama ta shaƙe shi ba ta kwana." Ban ƙara tambaya ba, kuma har yau ina tuhumar kaina da wannan shirun. Cikin minti 15 ya wanke ɗakin da feshi: bango, katifa, bayan randa, har faifan da aka rufe ƙwaryar gari da shi. Ya ɗauraye tankinsa a bakin rariya, ya karɓi naira 4,000, ya kama gabansa.

Kafin magariba 'yan tsaki huɗu sun mace a bakin rariyar. Bayan isha'i jikar Gwaggo, yarinya 'yar shekara huɗu da ta wuni tana shiga tana fita a ɗakin, ta fara amai, yawu na dalala, hawaye na zuba ba tare da kuka ba. Duk wanda ya san yankinmu ya san ba a kama hanya da dare. Haka muka kwana a zaune, muka yi sammako zuwa asibiti. Tambayar farko da ma'aikacin lafiya ya yi mana ita ce wadda na yi wa yaron na haƙura da amsarsa: wane magani ne? Muka yi tsuru-tsuru. Allah ya sa da sauran shan ruwa, yarinyar ta tashi. Bayan mako uku na koma duba Gwaggo, na ɗaga kai, sai ga sabuwar saƙa a kusurwar da aka fi jiƙawa da magani, mai ita na zaune a tsakiya abinsa.

Garin neman gira mun kusa rasa ido. Tun daga ranar na bi diddigin lamarin, na tambayi ma'aikatan lafiyar muhalli, na karanta abin da na samu, ga kuma inda na tsaya: yawancin gidajen da gizo-gizo ya dama, tsintsiya da yaɓe suke buƙata. Ƙalilan ɗin da ke buƙatar feshi kuwa, aikin ƙwararre ne wanda ya san abin da ke cikin tankinsa. Mai yawo unguwa-unguwa da robar da ba ta da suna ya fi gizo-gizon da aka kira shi ya kashe haɗari, nesa ba kusa ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan halitta. Da Gizo da matarsa Ƙoƙi aka yi mana hirar dare a tsakar gida. Sura ta 29 a Alƙur'ani mai girma sunansa ta ɗauka, Ankabut, malaman tarihi kuma na ba mu labarin saƙar da aka yi a bakin kogo lokacin Hijira. Da intanet ta zo ma, ba mu sami sunan da ya dace da ita ba sai yanar gizo. Duk da wannan tsohuwar sanayya, kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar abin da ke kawo shi ɗaki. Masana sun ƙididdige nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kuma kusan dukkansu mafarauta ne. Ba ya cin hatsi, ba ya cin azara kamar gara, ba ya shan jinin mutum kamar kuɗin cizo. Ƙwari yake ci: sauro, ƙuda, asu, 'ya'yan kyankyaso. Wani nazari da aka buga a 2017 ya kiyasta cewa gizo-gizon duniya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a kowace shekara.

Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga saƙa ta yi yawa a ɗaki, to akwai abinci a wurin. A ɗakin Gwaggo abincin bai ɓuya ba, ni ne ban duba ba: ragowar buhun gero da ƙwari suka mayar gari a bayan gado, tagar da ragarta ta yage, tsagar da damina ta yi wa bangon arewa wadda hannu ke iya shiga, ga tarin kara da itace a jingine a jikin ɗakin ta waje. A gidajen da mutane ke ciki kuma, akwai sabon baƙon da ya buɗe wa gizo-gizo kasuwa, wato fitilar sola. Farin ƙwan nan da muke maƙalawa a saman ƙofa mu bar shi har asuba, duk ƙwaron da ke gonakin bayan gari wurinsa yake nufa, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Inda ƙwari suka yi dandali, nan mafarauci ke ɗana tarko. Ka duba gidanka yau da dare, saƙar da ta fi kauri tana kewaye da ƙwan fitila ne.

Shi ya sa feshin yaron ya tashi a banza. Galibin maganin ƙwari abin da ya taɓa ko ya taka shi yake kashewa. Kyankyaso na bin ƙasa da lunguna, yana lasar ƙafafunsa, don haka yake kwasar guba. Gizo-gizo mai saƙa kuwa a rataye yake wuni, ba ya taka bangon da aka jiƙa sai jefi-jefi, in ma ya taka, da tsinin dogayen ƙafafunsa ne. Ƙwayayensa kuma a ƙunshe suke cikin wata 'yar jaka ta zarensa wadda ruwan magani ba ya ratsawa da sauƙi, kuma a wasu nau'o'in jaka ɗaya na ɗaukar ɗaruruwan ƙwai. Ka kashe uwa yau, bayan 'yan makonni 'ya'ya su ƙyanƙyashe. Ko an kashe duka, muddin taga a yage take, fitila kuma na kiran ƙwari, wasu za su shigo daga waje. Tsintsiya a bakin doguwar gora na yin abin da feshi ya kasa: ta kwashe saƙar da uwar da jakar ƙwan a shara ɗaya.

Na san abin da mai karatu zai ce: to tautau fa? Kowa a cikinmu ya taɓa ganin yaro ya tashi da safe da jan layi a wuya ko a kumatu, ya yi ƙuraje masu ruwa kamar ƙuna, a ce tautau ne ya bi ta kansa. Wannan tsoron ne ya fi tura iyaye mata neman mai feshi. Sai dai sau da yawa laifin wani ake ɗora wa gizo-gizo. Akwai wani siririn ƙwaro mai baƙi da ja, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba, wanda a Gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi. Yana son laima, gonaki da fadama, kuma haske ke jawo shi ɗaki da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi. In ya hau jikin mutum aka murtsuke shi cikin barci, ruwan jikinsa ne ke ƙona fata, sai bayan kwana ɗaya ko biyu tabon ya fito. Dabarar ita ce a hure shi ko a kaɗe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu. Wasu ƙurajen ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata, wasu kuma ciwon nan ne mai fitowa a gefe ɗaya na jiki yana zafi kamar wuta, wanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa bayan shekaru. Duk waɗannan asibiti suke nema, feshin ɗaki ba ya warkar da ko ɗaya.

Ban ce babu mai cutarwa a cikinsu ba. Akwai wani mai launin ƙasa-ƙasa, mai ƙullutun ciki, da tabo ja ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikin, wanda ake samu a Afirka da sauran ƙasashe masu zafi. Ba ya saƙa a sarari. Ƙarƙashin kujera, cikin tsohuwar taya, bayan bokiti, cikin takalmin da aka daɗe ba a sa ba, nan yake fakewa. Abin da ya fi saurin tona shi jakar ƙwansa ce, 'yar ƙwallo mai tsini-tsini kamar ƙarangiya. Cizonsa na da zafi, yakan sa jiki ya ɗaure, kuma in yaro ne ko tsoho, a garzaya asibiti. Amma shi ma ba ya bin mutum, sai an danne shi yake cizo. Kakkaɓe takalmi da tabarma da iyayenmu suka koya mana saboda kunama, shi ne rigakafin wannan ma.

Yanzu a auna wannan haɗarin da na robar yaron. Irin abin da ke cikinta, wanda muke kira fiya-fiya, galibi sinadarin nan ne da ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, kuma mai ƙarfin da ke yawo a kasuwa don gona aka yi shi. Jijiyoyin ƙwaro yake rikitawa, na ɗan Adam ma haka yake yi musu, yana kuma shiga ta hanci, ta baki, ta fata. Dalalar yawu, hawaye, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi su ne alamominsa, kuma da yawansu muka gani a jikin jikar Gwaggo. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadarin da aka samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa masu ɗauke da wannan sinadarin a kasuwanni da kantuna na gama-gari, ta kuma hana shigowa da ƙananan kwalabensa na mililita 100. Abin da Turawa suka ƙi a buhun wake, abin da hukuma ta ce a janye daga kanti, shi ake ɗurawa a robar lemo ana fesawa a katifar jariri. Ga kuma ƙwayar nan mai fitar da iska da 'yan kasuwa ke jefawa a buhunan hatsi. Akwai masu ajiye ta a ɗakin kwana don ƙwari, alhali iskarta na iya kashe duk wanda ya kwana a ciki.

Mu Zamfarawa ba ma buƙatar dogon wa'azi a kan guba a cikin gida. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma, domin ana daka duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Babu uban da ya yi niyyar cutar da ɗansa. Halali ake nema, sai dai ba a san abin da aka shigo da shi gida ba. Kullum a kan yaro abin ke fara ƙarewa, saboda jikinsa ƙarami ne, kusa da ƙasa yake, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kaiwa. In har aka ga alamar guba a jikin yaro, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A fito da shi iska, a cire masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

To yaushe ake kiran ƙwararre? In gida ya daɗe a kulle kamar na Gwaggo, in an ga jakar ƙwan nan mai tsini a wurare da yawa, in gizo-gizon ya zo tare da kyankyaso ko kuɗin cizo ko gara, ko kuwa wurin jama'a ne kamar makarantar kwana, Islamiyya, masauki ko shagon ajiyar kaya. Daga baya na samo irin wannan mutum a Gusau na kai shi Karakkai, kuma gani ya kori ji. Bai sauke tanki daga babur ba sai da ya yi kusan rabin awa yana zagayawa da tocila. Ya leƙa bayan gado, ya ɗago buhun geron nan ya nuna mini, ya zura yatsa a tsagar bango. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ce, "Inna, akwai mai juna biyu gidan ga? Akwai mai asma? Ina kajinki ka kwana?" Sannan ya sa aka fitar da abinci da kwanuka da ruwan sha, aka share saƙar tas aka ƙona, aka janye karan daga jikin bango.

Sai bayan nan ya fito da kwalbar maganinsa ya miƙo mini na karanta: suna, lambar rajistar NAFDAC, ranar lalacewa, da adadin da ake zubawa a kowace litar ruwa. Ya auna da ɗan kofi mai lamba. Ya sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba. Tsagogi ya bi, da bakin taga, da inda bango ya haɗu da rufi. Katifa ko kallonta bai yi ba. Ya faɗi awannin da za a yi ba a shiga ba, ya ce a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa kafin a kwana, ya tafi da kwalbarsa da ragowar maganinsa, ya ce zai dawo bayan mako biyu saboda ƙwan da ka iya ƙyanƙyashewa. Yana hawa babur ya ce da ni, "Malam, in ba a yaɓe tsagar ga an gyara ragar taga ba, kuɗinka ka zubar." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ashe har da gizo-gizo.

Daga nan na fitar da awon da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni. Mai feshin da ya fara haɗa magani kafin ya duba ɗaki, a sallame shi. Wanda ya ƙi nuna kwalba, ko ya ce sirrin sana'a ne, a sallame shi. Wanda ya ce ƙarfin wari shi ne ƙarfin magani, a sallame shi. Wanda bai kare hancinsa ba, ba zai kare na ɗanka ba. Doka ma na bayan mai gida: tun 2002 akwai hukumar ƙasa da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, kuma ita ke bai wa kamfanonin kashe ƙwari lasisi. Don haka neman ganin takarda haƙƙinka ne, babu cin fuska a ciki.

Akwai magana mai nauyi da za a iya mayar mini: Malam, kai ma'aikaci ne a Gusau, kana da kuɗin ɗauko ƙwararre har da na mansa. Manomin da tsoro ya hana shi noma rabin gonarsa fa, ina zai samu? Wane kamfani ne ma zai yarda ya bi hanyar ƙauye a wannan zamani? Gaskiya ne, kuɗin mutumin ya ninka na yaron kusan sau huɗu. Amma in na haɗa 4,000 ɗin farko da kuɗin mota da na asibiti da 'yan tsakin Gwaggo, arahar ce ta fi tsada. Sannan mafi yawan aikin ba na kuɗi ba ne: shara sau ɗaya a mako har saman bango, yaɓe bayan damina, ɗinke raga, matsar da fitila daga bakin ƙofa zuwa kan sanda a tsakar gida, ko sauya ta da mai launin rawaya wadda ƙwari ba su cika bi ba, da adana wake a buhun nan mai ninki uku da ba ya buƙatar magani. Inda feshi ya zama dole, gida biyar ko goma na iya haɗa kuɗi su ɗauko mutum ɗaya a rana ɗaya, kamar yadda ake haɗa kuɗin taki.

Kada kuma wani ya ce na ɗaure wa ƙazanta gindi. Tsofaffinmu na cewa barin saƙa a ɗaki na jawo tsiya, kuma ko ba komai, ɗakin da saƙa ta yi wa rawani ɗaki ne da ba a kula da shi. A share ɗakin kwana da madafa da zaure da masallaci. Amma wanda ya yi saƙarsa a bayan rumbu, ko a turken awaki, ko a jikin darni, a ƙyale shi ya rage mana sauro da ƙuda. Ba zai maye gurbin gidan sauro ba, amma a ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, ba a raina mataimaki. Shi ma yana da masu rage shi. Muna yara mukan fasa ɗakin zanzaro na laka mu tarar da gizo-gizo a jere a ciki, a sume, an tanadar wa 'ya'ya abinci. Tsaka da ƙadangare da kaji duk suna cin rabonsu. Feshin ganganci kuwa ba ya zaɓe, da mai amfani da marar amfani yake haɗawa. Sharar saman bango kuma ba ta mata kaɗai ba ce. Samarin da ke wuni a yanar gizo ta waya su riƙa ɗaga kai suna ganin ta gaske.

Saura hukuma. Iyayenmu na ba da labarin duba-gari, wanda in aka ce ga shi nan tafe, kowace mace sai ta leƙa randarta ta share rariyarta. Muna da kwalejin koyon aikin lafiya a Tsafe, irin makarantun da ke yaye waɗannan ma'aikata. Me zai hana ƙananan hukumomin Bungudu da Gusau da Tsafe su tattara samarin da ke yawo da tankin goyo, a koya musu karanta takardar magani da awo da kare kai, a ba su katin shaida, a ajiye sunayensu wurin hakimi ko mai unguwa? Yaron da ya zo gidan Gwaggo ba mugu ba ne. Abinci yake nema, kuma shi ya fi kowa shaƙar gubar, kullum rana ta Allah. A hore shi, ya zama ƙwararren da ƙauye ke da shi a kusa. NAFDAC kuma ta riƙa leƙa kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, domin can robar da ba ta da suna ta fi samun masu saye.

An yaɓe bangon Gwaggo, an sa sabuwar raga a taga, karan ya koma bayan gida. Gora da tsintsiya na jingine a bayan ƙyaure, kowace Juma'a da safe jikar nan ce ke tuna mata. Damina guda ta wuce ba a sake feshi a ɗakin ba. Kai kuma mai gida, in mai feshi ya yi sallama a ƙofarka gobe, kafin ka tambaye shi nawa ne, ka ce ya nuna maka kwalbar. In babu suna a jikinta, kada ta wuce zaure.